Shekara Talatin a Bakin Ƙofa

Ranar da Tuva ta sauka a gidansu, tun ba ta kwance jaka ba, ta roƙi Clive Haylock ya rubuta mata wuraren da ya kamata ta gani a Cambridge. Ɗaliba ce daga Norway, ta zo karatun mako shida, ta kama ɗakin sama da 'yarsu ta bari. An gaya mata mai gidan haifaffen garin ne, kuma da ɗan gari kan ci gari.

Clive ya karɓi aikin kamar an naɗa shi sarauta. Shekararsa hamsin da huɗu, talatin daga ciki a rumfar gyaran keke a kasuwa, kuma ba wanda ya taɓa neman ra'ayinsa a kan abin da ba taya ba. Ya rubuta, ya yaga, ya sake. Ya tashi ya ɗora ruwan shayi, ya manta da shi. Matarsa Denise tana kallonsa ta saman tabarau.

"Wasiyya kake rubutawa?"

"Ilimi nake rubutawa. Ba fanninki ba ne."

Takardar dai ta yi kyau, a faɗi gaskiya. Ga abin da ya rubuta mata. Ki tsaya a kan gadar bayan kwalejoji da ƙarfe bakwai na safe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su zazzage kayansu. Babban cocin nan kada ki kalle shi ta gaba, ki zagaya ta makiyaya inda shanu suke, daga can ya fi kwarjini. Samarin da ke tuƙa baƙi a kwalekwale, ki ji daɗin ruwan, amma rabin tarihin da suke bayarwa a hanya suke ƙera shi. Soyayyen dankali na motar kusurwar kasuwa, ki ce Clive ne ya aiko ki, ba za su ƙara miki ko ɗaya ba amma za su yi dariya. Keke kuwa ki ɗaure shi ta ƙarfen jiki, in kika ɗaure ta taya, tayar za ki tarar tana jiranki ita kaɗai.

Tuva ta bi takardar layi-layi, kamar maganin likita. A makonta na ƙarshe, ranar Talata, suna cin abincin yamma, ta shimfiɗa ta kusa da kwanon dankali.

"Baba Clive, duk na gani. Saura ciki. Mu ajinmu a sabon ginin gilashi yake, can bakin gari, ban shiga tsohuwar kwaleji ko ɗaya ba. Asabar zan tafi. Ka kai ni mai babbar ƙofar katakon nan ranar Juma'a mana. An ce ɗan gari yana shiga da baƙonsa."

"Waccan?" in ji Clive. "Ai kamar tafin hannuna na san ta."

Denise ta ajiye cokali a hankali. Sai da yarinyar ta hau sama sannan ta juyo gare shi.

"Tafin hannun wa?"

"Ke dai wanke kwanonki."

"Shekara ashirin da takwas ina tare da kai, tsoho, ban taɓa ganin ka tsallake dokin ƙofar nan ba. Gaya mata gaskiya kawai, ba yanka ka za ta yi ba."

"Ni yarinyar nan take ɗauka masanin gari."

"To masanin gari, Allah ya kai mu Juma'a."

Abin yana da tushe. Mahaifiyarsa Beryl ta yi shekara ashirin da shida a wannan kwalejin tana gyara wa ɗalibai gado, tana kwashe musu shara. Ta ƙofar baya take shiga, ta lungun da ake jera kwandunan shara. Ranar da ta ajiye aiki aka ba ta shayi a ɗakin girki da ƙaramin agogo, ta fito ta ƙofar da ta saba. Clive yana tsaye a lungun, ya zo ɗaukar mata jaka, yana ɗan shekara ashirin da uku, jini na tafasa. Nan ya rantse ƙafarsa ba za ta taɓa taka gidan ba. Rantsuwa ce mai kyau a lokacinta. Sai dai ta tsufa tare da shi, ta zama sabo, daga sabo ta zama wani abu mai kama da tsoro. Yanzu ko yadda ake shiga bai sani ba. Ana ƙwanƙwasawa ne? Ana cire hula?

Ranar Laraba ya yi wa tiyub ɗaya faci sau biyu, ya mayar wa wata mata sirdin keke a juye, gaba ya koma baya. Da rana ya ce zai je sayen man sarƙa, ya bi ta gaban ƙofar sau huɗu, kowane karo yana duban agogo kamar mai jiran wani. Ranar Alhamis ya sayi littafin jagoran 'yan yawon buɗe ido a ɓoye, irin wanda ya yi shekaru yana yi wa masu riƙe shi dariya, ya shige banɗaki yana haddace shekarun sarakuna. Ya gwada tari a gaban Denise, ko za ta ce ya kwanta gobe. Ta miƙo masa zuma ba tare da ta ɗago kai ba.

Juma'a ya sauya riga sau uku.

Babbar ƙofar a rufe take, kamar kullum, sai ƙaramar da aka yanka a jikinta, mutane na sunkuyawa suna shiga. Clive ya tsaya a nesa kaɗan ya fara bayani. Ya nuna mata dabbobin da aka sassaƙa a sama. Ya ba wani sarki ginin da aka yi shekara ɗari bayan mutuwarsa. Ya ce hasken bai yi daidai ba tukuna, gara su sha shayi su dawo. Ya durƙusa ya kwance igiyar takalmi ya sake ɗaurewa.

"Baba Clive," in ji Tuva, "ba ka taɓa shiga ba ko?"

Yana durƙushe ya amsa. "Denise ce ta gaya miki."

"Ba ta gaya mini ba. Duk shawararka tsaya nan ki kalla ce, leƙa ta can ce. Tun makon farko na gane." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ba komai fa. Mu je mu ci dankali. Na ga hoton cikin a waya."

Da ta yi masa dariya, da ya ji sauƙi. Tausayin ne ya kasa haɗiyewa. Ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara, ya nufi ƙaramar ƙofar kamar mai zuwa cire haƙori, ya sunkuya, ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

Mai tsaron ƙofa saurayi ne, da baƙar hularsa a gefen tebur, yana cin burodi yana kallon kwamfuta. Clive ya kwana biyu yana shirya masa jawabi, mai farawa da sunan Beryl Haylock. Ya zaro lasisin tuƙi ya ɗaga.

"Ɗan gari ne?" in ji saurayin, baki cike. "Ku wuce. Ƙarfe huɗu muke rufewa."

Ko lasisin bai kalla ba.

Cikin kuwa, abin haushi, yana da kyau. Tsakar gida ce murabba'i, tagogi jere, dutsen ya sha rana ya yi launin zuma, hayaniyar titi ta tsaya a waje kamar an hana ta shiga. Clive ya zagaya da sauri, ya sake zagayawa. Ɗalibai biyu suka wuce shi suna gardama. Wata mata ta turo keken kayan wanki, ta ce ya ɗan matsa. Ba wanda ya ɗago ido. Shekara talatin yana fushi da gidan nan, ashe gidan bai samu labari ba.

Ya tsaya a gaban wata ƙofar bene mai sunaye rubuce da farin fenti.

"Uwata ta yi shekara ashirin da shida tana gyara gadajen nan," ya ce.

"Wane bene ne nata?"

Ya dubi ƙofofin. Sun kai goma sha biyu, duk iri ɗaya. "Ban sani ba. Ban taɓa tambayarta ba. Fushi nake yi mata, ina na ga lokacin tambaya."

Tuva ta bi ƙofofin da kallo. Shi kuma ya rasa inda zai sa hannuwansa.

A tsakiyar filin akwai ciyawa, shimfiɗe kamar darduma, an aske ta layi-layi. Wani tsoho mai yamutsattsiyar riga ya ratsa ta tsakiyarta yana cin tuffa.

"Manyan malamai kaɗai aka yarda su taka," Tuva ta raɗa masa. "A aji aka gaya mana."

Clive ya dubi tsohon. Ya dubi takalminsa, wanda Denise ta sa shi ya goge. Ya ɗora na dama a kan ciyawar, ya biyo da na hagu. Taushi kamar katifa. Ya ƙara taku uku, ya tsaya, ya harɗe hannu a baya.

"Yallaɓai!" Saurayin ya fito da gudu, yana ɗora hula, ɓarɓashin burodi a ƙirji. "Yallaɓai, ciyawa, don Allah!"

Clive ya juyo a hankali. Tagogi biyu sun buɗe. Matar kayan wanki ta tsaya.

"Da ni kake?"

"Da kai, yallaɓai."

"Sunana Haylock."

"To, Yallaɓai Haylock, a taimaka a sauka. Ni za a yi wa faɗa."

Clive ya ja numfashi sau biyu, a tsanake, sannan ya sauko kan dutse. Tuva ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

"Zo mu ga ɗakin cin abincinsu," ya ce mata. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya waiwayo wajen saurayin. "Kai, ɗana. Ta ina ake bi?"