Ranar da Na Zama Ƙwaƙwalwa

Shekarata ta farko ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a Dutse, na ɗauka babu malamin da ya kai ni dabara. Da shugabar makaranta, Hajiya Safiyatu, ta ce za ta shigo ta ga darasina, na yanke shawarar ba zan taɓa allo ba. Ɗalibaina zan mayar jikin mutum.

Muka tura bencuna gefe. Na ce kowace yarinya ƙwayar halitta ce guda. Masu aiki iri ɗaya suka riƙe hannun juna, suka zama tsoka. Tsokoki suka haɗu suka zama gaɓa: ga zuciya, ga huhu, ga ciki. Ciki da hanji na haɗa su rukuni ɗaya na narka abinci. Sai na sa duk suka ƙulla bakin hijabansu, don su ga jiki ba ya rabuwa.

Luba, wadda ke shugabantar zuciya, ta ce, "Malama, ke fa mece ce?"

"Ni ce ƙwaƙwalwa," na ce, ina ɗaure hijabina da nata. "Abin da na yi, shi jiki zai bi."

Hajiya ta shigo ta zauna. Zuciya na bugawa da tafi, huhu na numfashi, ni kuma ina tsakiya ina ta bayani, har da ɗaga murya don Hajiya ta ji iyawata.

Sai wani ƙaton ƙadangare ya faɗo daga silin, ya sauka a kafaɗata.

Ban san lokacin da na ƙwalla ihu na yi ƙofa ba. Na ja zuciya, zuciya ta ja huhu, ciki da hanji suka biyo baya, muka zube gaba ɗaya a bakin ƙofa, takalmina ɗaya can ƙarƙashin teburi.

Hajiya ta jira muka kwance ƙulle-ƙullen. Ta tambayi Luba matakan ginin jiki, yarinyar ta jero su daga ƙwaya har cikakken mutum, ba kuskure ko ɗaya.

Hajiya ta miƙe tana danne dariya. "Darasi ya shiga, Malama Adawiyya. Gobe ki zo ofis da wuri, akwai mai gyaran silin da nake so ki nuna wa ajin."