Ganye Mai Ƙafar Agwagwa

Ranar Juma'a da hantsi na iso gida daga garin Shafshawan, inda nake koyarwa. Ko mayafi ban ajiye ba Inna ta kama hannuna ta ja ni bayan gida, zuwa fangalin da Baba ya shuka kif, wiwin da duk tsauninmu ke ci da shi.

"Duba nan, Ruhimu. Ke da kika yi karatu, faɗa mini mene ne wannan."

Tsiron bai wuce tsawon taƙi ba. Mafi yawansa lafiya lau, ganye a warware kamar yatsun hannu. Amma a tsakiya akwai wasu goma sha biyu da ganyensu ya manne, ya zama fale-fale kamar ƙafar agwagwa. Biyu daga ciki sun fitar da ganye uku-uku a gaɓa ɗaya. Na yi salati a zuciyata. Ban taɓa samun natsuwa da wannan noma ba, amma na san abin da Inna ke tsoro.

Shekara biyu da suka wuce magidantan ƙauyenmu suka yi rantsuwa a masallaci cewa ba mai shuka baƙon iri, domin yana shanye marmaro, kuma namijinsa yana ɓata irin gida na maƙwabta. Wanda aka kama, za a toshe masa hanyar ruwa har ƙarshen shekara. Baba ne ya fara ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Kuma a yau, bayan an sauko daga Juma'a, dattawa za su zagaya gonaki.

"Irin na cikin tulun kakanki ne, wallahi," in ji Inna. "Amma wa zai yarda? Maƙwabcin nan namu Ayashi na nan yana jira, bakinsa kamar kasuwar Laraba."

"Mu jira Baba ya dawo."

"Ya dawo tare da su, uwar masu wayo!"

Ta durƙusa ta fara tumɓukewa. Ban taya ta ba, ban kuma hana ta ba. Ta tattara su a haɓar zane ta watsa wa awaki, ta dawo tana shafe ƙasa da tafin hannu.

Da azahar suka hawo, su biyar, Baba na biye. A gaba Si Mufaddal ne, tsohon da ke rabon ruwa tun kafin a haife ni. Ya tsaya a bakin fangalin ya ƙura masa ido. Sai a lokacin na ga abin da ba mu lura da shi ba: gurabe goma sha biyu, ƙasarsu ɗanya, a tsakiyar shuka. A wajenmu ba a cire kif sai ya girma namiji ya bayyana, da sauran wata biyu.

"Kai, Abdulkarim," Ayashi ya ce da Baba yana dariya, "gonar taka ma famfarar haƙori take yi irin taka?"

Ba wanda ya taya shi. Baba ya dubi guraben, ya dubi Inna, fuskarsa ta yi fari.

"Tsutsa ce," in ji Inna. "Ta cinye su."

"Tsutsa mai shafe sawunta?" in ji Si Mufaddal. Ya juyo gare ni. "'Yata, ke kike koya wa 'ya'yanmu gaskiya. Don Allah, me aka cire a nan?"

Na ji yatsun Inna sun damƙe bayan rigata. Na san idan aka toshe ruwa, ba kif kaɗai zai bushe ba, har albasa da itatuwan ɓaure da zaitun ɗin da kakana ya dasa. Amma da sunan Allah ya tambaye ni. Na faɗa masa duka: mannewar ganyen, da yawansu, da awakin.

Tsohon ya rufe ido, sannan ya juya ga Inna. "Ƙafar agwagwa? Haba, Fattuma. Irin gida ne ke yin haka idan ya daɗe a tulu. Na gan shi a gonar mahaifina sau biyu. Da kin bar ko ɗaya, da na shaida muku a nan take."

Na ruga garken. Awakin na kwance suna tuƙa. Na tona ciyawa da kashinsu da hannuna, ban sami ko kara ɗaya ba.

"To ai ka ji ta faɗa," in ji Baba a hankali.

"Na ji, na kuma yarda da ita. Amma gobe wani zai cire nasa ya kawo mini labari. Ba na hukunci da abin da ido bai gani ba." Ya nisa. "Za a toshe har sauran su yi fure mu ga ko mene ne. Idan irin gida ne, ni da kaina zan buɗe."

"Wata biyu, a wannan rana?" in ji Inna. "Me zai rage ya yi furen?"

Ayashi ma ya sunkuyar da kai, amma shi aka miƙa wa fartanya. Muna tsaye ya ja ƙasa da duwatsu ya datse bakin hanyar ruwanmu. Ruwan da ya riga ya shigo ya ci gaba da gangarowa yana sirancewa, ya kai rabin fangalin, ƙasa ta shanye shi.