Baba Kwali

"Dakata, kashe injin nan," in ji tela, yana ƙura wa madubi ido. "Wannan da ke ciki ba ni ba ne."

Mai aski ya gimtse dariya. Shekara goma sha biyu shagunansu na manne da juna, bai taɓa jin tsohon ya yi shirme ba sai kwanan nan.

"To wane ne, Baba?"

"Oho. Kamar hoto aka liƙa. Kai ma haka nake ganinka, shafal kamar kwali. Jiya allura ta zame mini kamar taɓarya."

Mai aski ya marairaice fuska, ya yi ta jan sa da tambayoyi. Ba tausayi ba ne, kayan hira yake tarawa. Tela na fita ya tashi yana kwaikwayonsa, yana laluben iska, masu jiran aski suna riƙe ciki. Kafin mako unguwa ta ɗauka: Baba Kwali. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Sai da ya kife a kan keken ɗinkinsa aka kai shi asibiti. 'Yarsa ta dawo da bayanin likita: idon lafiya lau, ƙari ne ya fito a ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, inda ake tsara abin da ido ya gani. Kuma an makara. Aka mayar da shi gida.

Kwana uku kunya ta hana mai aski shiga gidan. A na huɗu ya daure ya je neman gafara. Ya tarar da tsohon kwance a katifa, an rufe taga da ragowar yadi, 'yarsa na zaune a gefe.

"Baba, ni ne. Akwai maganar da..."

Tela ya lalubo hannunsa ya damƙe. "Na gane muryar. Ke, ga mutumin da nake gaya miki. Kowa cewa yake na zare. Shi kaɗai ya tsaya ya saurare ni, har tambayoyi yake yi mini."

'Yar ta dubi mai aski. Ta san sarai wanda ya raɗa wa ubanta sunan nan. Ta turo masa kujera.

"Wace magana ce, ɗana?"

"Ba komai, Baba. Sannu."

Washegari da hantsi tsohon ya cika.

Bayan kwana biyu 'yar ta zo rufe shagon. Ƙofar ta kumbura, ta ƙi haɗuwa. Mai aski ya fito ya danne ta da kafaɗa, ita kuma ta saƙala kwaɗon, kowa idonsa a ƙasa.