Zuciyar Gwadabe Tana Dama

A shekarar da aka ce za a gina sabon babban birni a maƙwabta, har garinmu ya fara shirin rabuwa da sunansa na Abuja, Gwadabe ya sami aikin tuƙi wajen masu awon daji. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: sai an auna zuciyarsa a wani ɗan asibiti da ya sayi sabuwar na'ura.

Asibi matarsa ta ga rana ta take bai dawo ba, ta dama fura ta bi sahu. Ta tarar da shi kwance ba riga, an ɗaura masa wayoyi hannu da ƙafa kamar ragon layya, surukinta Baba Bamalli na zaune a gefe yana jan carbi. Nan take ta ja mayafi ta rakuɓe a bakin ƙofa.

Mai na'urar, Sylvester, bai daɗe da dawowa daga kwas a Kaduna ba, kuma Allah ya yi shi da son bayani.

"Baba, zuciya tana da lantarki nata," in ji shi da Hausarsa ta ɗan koyo. "Yana tashi daga sama, ya gangara ƙasa, sai ta buga. Wannan allura tana rubuta shi a takarda. Amma na ɗanka, duba, duk tsinin da ya kamata ya kalli sama, ƙasa yake kallo."

"To ka juya takardar mana," in ji Baba Bamalli.

Sylvester bai yi dariya ba. Ya sake duba wayoyin hannu ko ya musanya su, ya ƙara shafa wa Gwadabe man awo, ya matsa da ƙoƙon robar na'urar can hagun ƙirji. Duk matsawar da ya yi, zanen sai ƙara ƙanƙancewa yake. Gumi ya karyo masa.

"Ba zan sa hannu ba," ya ce. "Sai likita ya gani, wataƙila sai Zariya."

Gwadabe ya rufe ido. Motar masu awo gobe za ta tashi, da shi ko ba shi.

Asibi kuwa ta san amsar. Tun tana amarya ta sani. Da ta haifi ɗan fari ma ta sa kunne a ƙirjinsa, ta ji zuciyarsa a hagu, ta gane ta uban ce ta saki layi. Amma ta yaya mace mai hankali za ta faɗi haka a gaban suruki? Ai sai a tambaye ta inda ta ji. Ita da ko sunan mijin ba ta kamawa!

Ta yi gyaran murya, ba wanda ya waiwayo. Sylvester ya fara kwance wayoyi.

"Malam," ta ce, tana kallon ƙwaryar fura, "a gwada dama."

"Dama me, uwargida?"

"Ta mai gidan... a dama take bugawa."

"Ke wa ya gaya miki?" in ji Gwadabe.

Ai kuwa da ƙasa za ta tsage da Asibi ta shige. Baba Bamalli dattijon arziki ne, nan da nan ya ga wani abin mamaki a jikin silin, ya zuba masa ido.

Sylvester ya kifa tafin hannu a daman ƙirjin Gwadabe, ya ji bugu, sai ya daka tsalle. Ya musanya wayoyin hannu, ya mayar da ƙoƙon dama, allura ta shiga zana tsini masu kyau, kowanne na kallon sama.

"A littafi kawai na taɓa gani! Lafiyarsa ƙalau, haka Allah ya halicce shi!" Ya sa hannu, har biro na huda takarda.

A hanyar gida Baba Bamalli ya yi gaba da sauri, wai zai makara salla, alhali ko kiran farko ba a yi ba. Gwadabe na tafe yana dafe da ƙirji, mamaki ya ƙi sakinsa.

"Duk shekarun nan, me ya hana ki gaya mini?"

Asibi ta gyara mayafi, ta ƙi kallonsa.

"Na san halinka. Da ka ji sai ka tafi neman a mayar maka da ita hagu. Ni kuwa can na saba."