Ranar da Aka Tsayar da Susanna

Malam Abdulnasir ya tsani yadda ake koyar da tarihi a makarantarsu. Malam Madu, wanda ya girme shi da shekara ashirin a aikin, hanyarsa ɗaya ce: ya jera dalilan hijira a allo, fari, yunwa, yaƙi, haraji, yara su kwafa, a tashi. A garin da mutane suka shigo da ƙafa, tabarma a ka, wai hijira ta zama abin hadda. Malam Abdulnasir ya sha faɗa a ɗakin malamai cewa wannan barci ne da alli a hannu. Malam Madu sai ya kurɓi shayinsa, ya ce yaro ya bi a hankali.

Ranar Talata Malam Abdulnasir ya shiga aji biyar da zafinsa. Ya yi bayanin yadda janyewar Tafkin Chadi ta raba masunta da garuruwansu, da yadda fari ya kora kakanni gabas har Sudan. Yara na ta hamma. Ransa ya ɓaci. Sai ya tuna takardar wata ɗaliba da ya gani a ofis: Susanna Pindar, daga wani ƙauye a gindin duwatsun Gwoza, shekara uku a sansanin 'yan gudun hijira. Ga tarihi zaune a layi na biyu.

Ya ce ta tashi ta gaya musu abin da ya fito da su daga gida.

Ta miƙe a hankali. "Malam, ni a nan aka haife ni."

Ya ɗauka kunya ce irin ta 'yan mata. Ya ce ba abin kunya ba ne, masu abin kunya su ne waɗanda suka bari aka kore su. Ya faɗi sunan ƙauyen, ya faɗi sunan sansanin. Daga baya wata murya ta tambaya ko har yanzu ana raba musu shinkafa kyauta. Aji ya fashe da dariya. Susanna ta tsaya tana kallon allo har aka kaɗa ƙararrawa.

Ba ta sake zuwa ba, ga jarrabawa saura wata biyu. Wata ƙawarta ce ta gaya masa cewa shekara biyu ke nan tana ɓoyewa, don a ajin nan "'yar sansani" zagi ne.

Bayan mako guda ya nemo gwaggonta Kezia a Kasuwar Kwastam, inda take sayar da busasshen kifi. Ya gaishe ta, ya yi bayani mai tsawo. Ya ce laifin na al'ummar da ta mayar da wahala abin gori ne, kuma shiru ne ke ciyar da wannan ɗabi'a. Matar na korar ƙuda, ba ta dube shi ba. Ya ce a bar yarinyar ta dawo, zai ba ta haƙuri a gaban aji duka.

"A sake tsayar da ita ke nan, Malam?"

Ta gyara jerin kifin da ke gabanta, ta ci gaba.

"Jiya na sa ta a mota zuwa Yola, wajen ƙanina. Ɗinki za ta koya. Can ba wanda ya karanta takardarta." Ta jawo faranti ta juya wajen wata mai saye da ke bayansa. "Hajiya, na nawa?"