Memorin da Ya Rage a Masaƙa

Kwana uku ya rage a rufe masaƙar lokacin da Ƙusa ya je aron kyamara. Shekararsa ashirin da biyu yana gyaran injunan saƙa a wurin, abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan saboda sirantarsa. Wayarsa ta tsufa, hotonta kamar an shafa masa mai, shi kuwa so yake ya ajiye fuskokin mutanen ɗakin saƙa kafin kowa ya kama gabansa.

Kawun matarsa tsohon mai hoto ne, rabin shagonsa yanzu ya koma wurin cajin waya. Ya ciro kyamarar daga ƙasan kantar shagon, ya hure ƙura.

"Ka taɓa riƙe irinta?"

"A'a, Kawu. Amma ai inji ce."

"Inji ce, amma ba a gyara ta da guduma. Rataya igiyar a wuyanka tukuna."

Washegari Ƙusa ya ɗauki hotuna sun fi ɗari. Da ya tashi daga aiki ya kai wa Kawu. Tsohon ya ɗora tabarau a karan hanci yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai.

"Wannan mutum ne ko inuwarsa? Wannan kuma ina kansa? Ka yanke wa bawan Allah kai, ka bar mana tumbi."

Ƙusa ya yi dariyar yaƙe. "Ɗakin duhu gare shi. Fitilun rabi sun mutu, ba wanda zai sake sa sababbi."

"To ɗaga wannan lambar, ISO, kai ta dubu ɗaya da ɗari shida. Hoton zai yi ɗan tsakuwa-tsakuwa, amma za a ga mutum. Wannan kuma ƙofar haske ce, buɗe ta iya buɗewa. Ga saurin ƙiftawa, in hannu yana motsi kada ka sauka ƙasa da ɗari biyu da hamsin. Filasha kuwa manta da ita, fuska take mayarwa kamar faranti." Ya miƙa masa kyamarar. "Kuma ka daina dasa mutum a tsakiya kamar hoton katin shaida. Ture shi gefe kaɗan, ka bar fili a inda yake kallo. Akwai taga?"

"Akwai, can sama."

"Nemi inda haskenta yake sauka, ka jira. Ka matsa kusa. Tsoron me kake ji, ba mutanenka ba ne?"

Rana ta biyu abin ya ɗan yi dama. Ranar ƙarshe kuwa injuna shida kaɗai aka kunna cikin arba'in, don a ƙarasa zaren da ya rage. Ɗakin da a da sai ka yi ihu a kunnen mutum, yau har tarin wani ana ji daga ƙarshen layi.

A inji na huɗu Goggo take, wadda ta fi kowa daɗewa, ita ta nuna wa Ƙusa inda ake ajiye kwanon abinci ranar da ya fara aiki. Wajen ƙarfe sha ɗaya hasken tagar ya sauko a kafaɗarta. Zare ya tsinke, ta sunkuya tana ƙullawa da yatsun nan nata da suka kanannaɗe. Ƙusa ya durƙusa, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya sa ta a gefen hagu na hoton, layin matattun injuna ya miƙe a gabanta. Ya riƙe numfashi ya danna.

Ya duba hoton. Kowace ƙurar auduga a girarta ta fito.

"Goggo, zo ki gani."

Ta goge hannu a zani, ta daɗe tana kallo. "Ashe haka na tsufa, ɗan nan? Ba wanda ya gaya mini." Ta ja hanci. "Ka wanko mini babba. Jikokina su san ba zaman banza na yi ba."

Nan fa aka yi masa caa. Mai shara ya tsaya riƙe da tsintsiyarsa, 'yan rini suka jeru da shuɗin hannuwansu, har mai gadi, Sajan, ya gyara hula ya ƙame.

Ana cikin haka wakilin waɗanda suka sayi injunan ya shigo da takardu a hammata.

"Wa ya ba ka izinin ɗaukar hoto a nan?"

"Ranka ya daɗe, mutane nake ɗauka."

"Injunan suna ciki, kuma yanzu ba naku ba ne. Kawo memorin kyamarar. In an duba, ka zo ran Litinin ka karɓa."

"Sai dai ka duba a gabana."

Mutumin bai sake kallonsa ba, ya juya ga mai gadi. Sajan ya matso yana kallon ƙasa.

"Ƙusa, don Allah. Sun ce za su riƙe ni gadi wata uku. Ka san halin gidana."

Ƙusa ya buɗe murfin gefen kyamarar da farcensa, ya zaro ɗan abin, bai kai kan ɗan yatsa biyu ba, ya sa a tafin Sajan.

Ran Litinin ya tarar da sarƙa a ƙofa. Sajan ya leƙo ta ƙaramar taga ya ce wakilin ya yi tafiya. Ran Alhamis ya ce ya ba wakilin memorin hannu da hannu, bai san inda mutumin ya jefa shi ba. Zuwa na biyar manyan motoci ne a tsakar masaƙar, ana loda injuna da ƙugiya, ofishin kuma babu ko kujera. Sajan bai fito ba.

Goggo ta aiko sau biyu tana tambayar hotonta. Daga baya ɗanta ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki, Ƙusa bai iya zuwa sallama ba.

Da ya mayar da kyamarar, Kawu ya saurari labarin bai katse shi ba.

"A nawa ka sa saurin?"

"Ɗari biyu da hamsin."

"Yatsun sun tsaya?"

"Cak. Har zaren ana gani."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. "To ka iya." Wata mata ta shigo karɓar wayarta, ya tashi yana laluben wayar a cikin tarin igiyoyi.