Jan Ruwa a Gindin Dam

Ranar Laraba da hantsi na ga ruwan, kuma tun daga lokacin ban sake zama wuri ɗaya na minti goma ba.

Sunana Tukur. Ni ke kula da ƙaramin dam ɗin da ya tare tafkin garinmu, gaba da Damri kaɗan. Kada ka ji an ce dam ka tuna da na Bakolori. Namu tudun ƙasa ne kawai, taku ɗari biyu ka gama shi. Wata ƙungiya ce ta gina shi shekara goma sha biyu da suka wuce don tsuntsaye da namun ruwa su samu wurin zama, kuma sun samu. Akwai kirinjijiya da dinya da zalɓe, akwai guza, akwai kadoji biyu da suka fi kowa lalaci a ƙasar Bakura. A gangaren dam ɗin kuwa gidaje ashirin da bakwai ne, cikinsu har da na yayana Sadi, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu.

Aikina shi ne zagaye. In sare itace kafin ya yi saiwa a jikin dam, in cike ramin gafiya, in yi faɗa da masu bi da shanu ta kai. Injiniya Jibrin na Talata Mafara, wanda ya koya mini aikin, ya ce dam na ƙasa ba ya rasa ɗan tsattsafo. Idan ruwan garau ne, a sa ido kawai. Idan ja ne, to ƙasar cikin dam ɗin yake ɗebowa.

Wanda na gani a gindin dam ja ne, yana fitowa kamar daga bakin buta. Na tara hannu, na bari ya tsaya, laka ta kwanta a tafina.

Na hau tudu inda waya ke kamawa na kira Injiniya. Ya ce ba zai iya zuwa ba sai an samu rakiya, kowa ya san yadda hanya ta koma. Sannan ya ce, "Ruwa ya yi wa dam nauyi, a rage shi. Mafitar ruwa buɗe take ko?"

Na ce masa ba buɗe take ba.

Mafitar ruwa wani yanke ne a gefen gabas, an shimfiɗa masa duwatsu, don idan tafki ya cika rarar ta bi ta nan ta sauka rafi. Shekara huɗu da suka wuce damina ta yi gardama, tafki ya ƙafe da bazara, kifi ya mutu, kada ɗaya ya taka har bayan masallaci yana neman sanyi. Sai gari ya ce a jera buhunan yashi a mafitar don tafki ya riƙa riƙe ruwa da yawa. Ni da aka ɗora wa amana ban hana ba. Ni ma na ɗauki buhu a kafaɗa, har ina yi wa masu ɗaukar rabi tsiya. Da hanyar rarar ta daina ganin ruwa sai ta zama ƙasa mai danshi da kyau. Yaya Sadi, wanda gonarsa ta daji ta daina zuwuwa, ya share ta ya zuba shinkafa. Bana ta yi kyau har tana ba mutum tsoro, ta fitar da kai, kuma ita kaɗai ce abin da zai ciyar da mutum goma sha ɗaya.

Duk na faɗa wa Injiniya. Bai zage ni ba, da ma ya zaga da na fi jin sauƙi. Ya ce, "Cire su, jeri bayan jeri. Kuma kada ka bari kowa ya toshe bakin yoyon. In ka toshe, ciki zai ci gaba da ci, ka daina gani ne kawai."

Na sauko na nufi ƙofar Maigari Shehu. Sai da muka gaisa muka tambayi gida da gona da gajiya da ruwan jiya. Da na gama bayani dattawa suka dubi juna.

"Yo Tukur," in ji Maigari, "ɗakinka in ya yi yoyo, mi kaka yi mai? Ba yaɓe ba? A kira gayya."

"Ranka shi daɗe, wanga ba ɗaki ba ne. Injiniya ya ce..."

"Injiniya shina Mafara bisa kujera. Mu munka gina garin ga da laka tun bai zo duniya ba."

Aka yi dariya. Yaya Sadi yana zaune a gefen tabarma, bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba.

In dai yaɓe ne, a ba mutanen garinmu hanya. Kafin la'asar an kwaɓa laka da ciyawa, an tattake, an cusa, an shafe wurin sumul kamar ɗakin amarya. Har wani ya zana fure da yatsa. Ruwa ya tsaya cak. Aka yi ta buga mini kafaɗa ana cewa to mai dam, yau ka yi barci.

Wane barci? Na je gida na dawo, na koma na dawo. Matata Taiba ta ajiye mini tuwo ya huce, ta ɗumama ya sake hucewa. Ta ce, "Malam, in dai zirga-zirga ka tsai da dam, ai naka ya tsaya har tashin duniya." Haushi ya kama ni don na san gaskiya ta faɗa.

Da gari ya waye na tarar yaɓen yana nan lafiya lau, furensa ma bai goge ba. Amma taku huɗu a hagunsa ruwa ya ɓullo, ya kuma ɓullo a ƙasa da shi, duka biyun ja, ɗaya ya kai kaurin damtse. Na taka wurin, ƙafata ta nutse har idon sawu. Can gabas kuma hadari ya fara haɗuwa tun rana ba ta yi tsaka ba. Tsoro na gaske ya kama ni.

Na sami Yaya Sadi a cikin shinkafarsa yana korar tsuntsaye.

"Yaya, zo ka gani da idonka."

"Na san abin da kaka so. Kwana ashirin ɗai, Tukur. Kwana ashirin in yanke, ka kwashe buhunanka ka yi abin da ka ga dama."

"Ba ya kai kwana ashirin. Wallahi ko yau ban da tabbas."

"Kai ka sani? An ba ka gaibu?"

"Ban sani ba, Yaya. Amma gidanka na nan ƙasa. Ɗiyanka can suka kwana."

"Ɗiyan nawa mi za su ci? Ka faɗa man. Laka?"

Na ce duk abin da na samu a gonata mu raba. Ya yi murmushi mai ciwo, don ya san gonata ya san iyakarta, shi ya yanka mini ita.

Na bar shi na koma gindin dam. Na hau sama. Na sauko. Na je bakin mafita na tsaya, ruwa yana lasar saman buhunan, kirinjijiya suna ta iyo abinsu ko a jikinsu. Na sake komawa wurin yoyo, sai na ga wani ɓangaren ƙasa mai girman tabarma ya zame ya zauna. Iska ta taso mai sanyi.

Ban koma wurin Maigari ba, don na san sai an sake gaisawa. Na ɗauki fartanya na shiga ruwa har gwiwa. Buhunan sun ruɓe, da na kafta sai su fashe. Na yaye jerin sama, ruwa ya tsallaka sannu a hankali, ya bi duwatsu, ya shiga kunyar farko ta shinkafar Yaya. Na jira kaɗan na yaye na biyu. Ina jin Yaya yana kiran sunana, ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan ajiye fartanyar. Ina cikin na uku ruwan sama ya sauko.

An yi ruwa tun azahar har bayan la'asar ba sassauci. Rarar tafki ta bi hanyarta da ƙarfi, tana tafe da yashin buhunan da ciyayi da kifi. Na tsaya a kan dam ina kallon shinkafar tana kwantawa, daga baya ma na daina ganinta. Yaya Sadi yana tsaye a ɗaya gefen, hularsa a hannu, ruwa yana dukansa. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba.

Dam bai fashe ba. Cikin kwana uku tafki ya sauka kamu biyu, yoyon ya ragu, ya koma fari. Da Injiniya ya samu zuwa bayan mako biyu, ya zura sanda a wurin da ya zame ta shige har iyakar hannunsa, ya girgiza kai ya ce saura ƙiris dam ya tafi. Amma mutum uku ne kawai suke wurin, kuma ɗayansu kurma ne.

A gari kuwa magana ɗaya ce: yaɓen ne ya riƙe. Ga shi an yi ruwan da ba a yi irinsa ba bana, kuma ko katanga ɗaya ba ta faɗi a gangare ba. Da me zan musa? Abin da na hana bai faru ba, babu wanda zan kama hannunsa in nuna masa. Shinkafar da ta tafi kuwa kowa ya gani.

Da na yi girbi na aika da rabin gerona gidan Yaya a amalanke. Kafin magariba amalanken ya dawo da kayansa, ko igiya ba a kwance ba.

Ranar Juma'a muka yi kiciɓis a ƙofar masallaci. Na durƙusa zan gaishe shi, sai ya riga ni miƙo hannu.

"Malam Tukur, an wuni lahiya? Ya iyali? Ya aiki? Ya mutanen gidanku?"

Na amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Bai tsallake ko guda ba, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo cin kasuwa, sannan ya saka takalmansa ya gangara gidansa.